Samuel Ajayi Crowther: Yaron Da Aka Yi Musayarsa Da Doki

Da wuya a sami wanda ya zauna ajin tarihi a makarantar sakandare a ƙasar nan bai haddace sunan Samuel Ajayi Crowther ba. Abin da akan ba ɗalibi ya riƙe saboda jarrabawa bai wuce layi biyu ba, wato bawa ne da aka 'yanta, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a ɗarikar Angilika. Daga nan sai a juya shafi. Alhali kuwa mutumin nan ya yi shekara 66 yana Kirista, 48 daga ciki yana aikin limanci, kuma fiye da rabin wannan aiki a bakin kogin Kwara ya yi shi, tsakanin Anaca da Lakwaja da ƙasar Nufe. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne yadda ya ƙare. Yana da shekara 80 da 'yan kai waɗansu samarin Turawa, waɗanda ya yi jika da su, suka zo suka duba aikin da ya kashe ƙarfinsa a kai suka ce babu tsarki a cikinsa. Ko sun yi gaskiya ko ba su yi ba, mai karatu ba zai iya yanke hukunci ba sai ya bi mutumin tun daga tushe.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a wani gari da ake kira Osogun, cikin Jihar Oyo ta yanzu. A lokacin daular Oyo tana cikin wargajewa, yaƙi ta ko'ina, kamun bayi kuma ya zama sana'a. Wata safiya a farkon 1821, mata suna cikin haɗa abin kari, sai mayaƙa suka yi wa garin ƙawanya. Bisa ga labarin da shi kansa ya rubuta daga baya, rundunar ta ƙunshi Yarabawan Oyo Musulmi da Fulani da kuma bayin da suka gudu daga hannun iyayengijinsu. Aka cinna wa garin wuta, aka sa wa Ajayi igiya a wuya tare da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata biyu, ɗaya ma jaririya ce. Mahaifinsa kuwa, tun da ya leƙo gida ya ce su gudu ya koma bakin daga, ba su sake ganinsa ba.

Wajen rabon ganima aka raba shi da uwarsa. Wanda ya same shi ya ba da shi ya karɓi doki, bayan kamar wata biyu dokin bai yi masa ba, aka warware ciniki, aka mayar da doki aka karɓo yaro. Daga nan aka kai shi kasuwar Ijaye wata mata ta saya. Haka ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu, wani ya ba da taba, wani ya ba da giya, kullum ana ƙara kusantar teku. Tsoron a sayar da shi ga Turawan Fotugal ya kai shi har ya yi yunƙurin shaƙe kansa, Allah bai nufa ba. A Ikko abin da yake gudu ya same shi, aka loda shi cikin jirgin Fotugal tare da bayi fiye da 180. Jirgin bai yi nisa ba, ran 7 ga Afrilu 1822, jiragen yaƙin Ingila masu farautar fataken bayi suka tare shi. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jiragen, mai suna Henry Leeke, zai sake fitowa a labarin nan bayan shekara 42.

A watan Yuni aka sauke su a Saliyo, inda ake zube bayin da aka ƙwato. Aka kai Ajayi wani ƙauye mai suna Bathurst, hannun malaman ƙungiyar mishan ta CMS. Cikin wata shida ya fara karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther, wanda yake cikin kwamitin ƙungiyar. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya auri wata baiwar Allah mai suna Asano, wadda aka sa wa Susan, ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, suka yi zaman aure na kimanin shekara 50. Ya zama malamin makaranta, yana koyarwa da rana, da dare yana koyon Girkanci.

A wannan zama na malanta ne wani abu ya faru wanda ya gyara masa hali har ƙarshen ransa. Ya ga wani ɗalibinsa, ɗan Musulmi, da laya a wuya, sai zafin ƙuruciya ya ɗebe shi ya tsinke layar. Uban yaron ya zo a fusace. Crowther ya ce a tara manyan Musulmin unguwar a yi muhawara, ya zo da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Turanci, ya shirya hujjojinsa tsaf. Dattawan suka zauna suka saurare shi, suka maimaita masa abin da suka yi imani da shi, suka tashi. Babu wanda ya gusa ko da taku ɗaya, sai dai ɓacin rai da ya ƙaru. Tun daga ranar ya gane cewa kayar da mutum a gardama daban, shiga zuciyarsa daban, kuma ba a sake jin ya ci mutuncin addinin wani a bainar jama'a ba.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen tururi uku su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a bar cinikin bayi a kama noma da fatauci. CMS ta sa mutum biyu a cikin tafiyar: wani Bajamushe mai suna James Schon, da Crowther. Tafiyar ta zama masifa. Cikin Turawa kimanin 150, zazzaɓi ya kashe sama da 40, gonar gwaji da aka kafa a Lakwaja kuma ta watse. Amma abu biyu sun fito daga ciki. Shi Schon ya kamu da son Hausa, ya buga littafin kalmominta a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, kuma shi ne ya rubuta labarin Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Barth zuwa Turai. Na biyu, shugabannin CMS suka fahimci cewa idan ana son aiki ya zauna a ƙasar da Bature ba ya kwana uku sai ya kwanta, to, dole 'yan ƙasa su riƙe shi. Aka kira Crowther Landan, aka naɗa shi limami a 1843, a shekarar kuma ya buga littafinsa na farko kan harshen Yarbanci.

Ya koma ƙasar haihuwarsa tare da Henry Townsend, suka sauka Badagiri a 1845, suka shiga Abekuta a watan Agusta 1846. Bai cika wata guda a garin ba aka kawo masa labari cewa akwai wata tsohuwa a wani gari kusa da nan da take neman ɗanta. Mahaifiyarsa ce, Afala, bayan shekara 25 da rabuwa. Ta sha bauta ita ma, an fanshe ta, an sake kama ta. Ya sami 'yan'uwansa mata su ma da rai. A 1848 tana cikin mutanen farko da aka yi wa baftisma a Abekuta, aka sa mata Hannatu, sunan uwar Annabi Sama'ila na Tsohon Alkawari, wanda Turawa suke kira Samuel. Ta yi tsawon rai ƙwarai, har ta ga ɗanta da rigar bishop.

Babban aikin da ya sa a gaba a waɗannan shekaru shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, kuma a nan ne ake ganin irin haƙurinsa. Ba ya zama a ɗaki ya ƙaga kalma. Yakan je wurin bokayen Ifa da malaman Musulmi da tsofaffi masu karin magana, ya zauna ya yi shiru yana sauraro, ya dawo gida ya rubuta. Da ya zo neman kalmar da zai kira limamin Kirista da ita, bai ɗauko ta daga wajen masu tsafi ba, sai ya ɗauki alufa, kalmar da Yarabawa suke kiran malamin Musulunci da ita. Shi ne kuma ya nace a riƙa sa alamomin karin sauti a kan wasula, domin a Yarbanci kalma ɗaya tana iya ba da ma'ana uku ko huɗu gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Duk wanda ya taɓa ruɗewa tsakanin gari na zama da gari na tuwo a rubutun Hausa ya san amfanin wannan. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, ta haɗa da takardun kalmomi da karin magana da ya yi shekara 11 yana tarawa. Ya sake farawa. An kammala fassarar duka a 1884, da taimakon waɗansu, amma harshen nasa ne, kuma shi ya zama ginshiƙin daidaitaccen Yarbanci da ake rubutawa har yau.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da bai kamata a rufe ba. A 1851 ya je Ingila, ya gana da Palmerston, sakataren harkokin waje, ya kuma gana da Sarauniya Biktoriya, inda ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. Abin da ya kai shi shi ne neman a kare Abekuta daga Dahomi, a kuma kawar da Sarkin Ikko Kosoko saboda cinikin bayi. Kafin shekarar ta fita jiragen yaƙi suka yi wa Ikko ruwan wuta, bayan shekara 10 kuma ta zama mallakar Ingila. Mutumin da jirgin yaƙin Ingila ya cire wa mari daga ƙafa ba abin mamaki ba ne ya ɗauki jirgin a matsayin rahama. Amma ƙofar da ya taimaka aka buɗe, ta nan mulkin mallaka ya shigo, kuma shi ma sai da ta matse masa yatsa. Abin ban sha'awa, jikansa ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay, wanda ya zama ƙashin wuyan Turawan mulki a Ikko. Uban Herbert kuma, surukin Crowther ke nan, shi ya kafa makarantar CMS ta Ikko a 1859, wadda ita ce sakandare ta farko a Nijeriya.

Kogin Kwara dai bai sake shi ba. A 1854 ya bi Dokta Baikie cikin jirgin Pleiad suka hau Binuwai, kowa yana shan kwinin safe da yamma, aka je aka dawo babu wanda ya mutu. A 1857 suka sake tashi cikin jirgin Dayspring, ya sauke abokin aikinsa J. C. Taylor a Anaca ya fara mishan, su kuma suka wuce gaba har jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Suka yi kusan shekara guda a bukkoki a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Wani zai kira wannan asarar lokaci, shi kuwa Crowther ya mai da wurin makaranta, ya duƙufa kan Nufanci, yana tare fatake da 'yan kwale-kwale yana tambayarsu sunayen abubuwa. Daga wannan zama ne littafin koyon karatun Nufanci ya fito a 1860, nahawu da kalmomi kuma a 1864.

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ɗan mishan kamar magini ne, idan gini ya tsaya sai ya kwashe tsaninsa ya bar masu gida. Shi ya matsa a naɗa Crowther bishop. Crowther ya ƙi, ya ce shi bai cancanta ba, ya kuma san Turawan da ke aiki a ƙasar Yarabawa, musamman Townsend, ba za su yarda su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Venn bai saurara masa ba. Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babban cocin Kantabari, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin dokta a fannin addini. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya riga ya zama babban hafsan sojan ruwa, da kuma gwauruwar malaminsa Weeks, matar da ta koya masa abacada a Bathurst. Sai dai an yi dabara wajen shata masa iyaka: aka ba shi ƙasashen da ke bayan mulkin Sarauniya, aka bar Ikko da Abekuta da Turawan da ke cikinsu ƙarƙashin bishop Bature na Saliyo. Wato an ba shi riga, an rage mata hannu.

Shekara 27 ya yi a wannan kujera, kuma aikin ba na zaman ofis ba ne. Ba shi da jirgin kansa sai a 1878, saboda haka yakan jira ruwa ya cika, ya roƙi wuri a jirgin 'yan kasuwa, ya zaga tashoshinsa sau ɗaya a shekara. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson kusa da Idah, ya tsare su kwana da kwanaki yana neman kuɗin fansa mai yawa. Wajen ƙwato su ne kibiya mai dafi ta sami mataimakin jakadan Ingila na Lakwaja, William Fell, ya mutu a cikin kwale-kwale. A can bakin teku kuwa, a Bonny da Brass, aikin ya yi albarka fiye da ko'ina. Mutanen Bonny suka bar bautar guza, aka yi ta yaƙi da al'adar kashe tagwaye, bayi suka riƙa cika coci duk da azabar iyayengijinsu, har aka jefa ɗaya daga cikinsu, Joshua Hart, a ruwa a 1875 saboda ya ƙi cin naman da aka yanka wa gunki.

Zamansa da sarakunan Musulmi shi ne ya fi dacewa mu da muke wannan yanki mu tsaya a kansa. Kada a manta waɗanda suka ƙone garinsu suka sa masa igiya. Duk da haka ya yi shekaru yana kai gaisuwa Bidda wurin Etsu Masaba, yana zama a fada yadda baƙo mai ladabi yake zama, yana ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci ga wanda ya iya karantawa. Bai ɓoye abin da ya kawo shi ba, bai kuma yi zagi ba. A ƙarshen 1871, jirgin da zai mai da shi ya kafe a yashi, dole ya bi ta ƙasa, ya biyo ta Ilori. Sarki ya tara malamai a fada aka yi masa tambayoyi masu nauyi: matsayin Annabi Isa, da dawowarsa, da ko littafinsa ya ambaci Annabi Muhammadu. Kowace tambaya sai ya buɗe fassararsa ta Yarbanci ya karanta wurin da ya dace, ya fara da zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryamu, abin da ya san masu sauraronsa sun yarda da shi, inda kuma littafin bai ce komai ba ya faɗa musu bai ce ba. Da aka nemi a ji irin addu'ar da Kirista suke yi, sai ya karanta wadda ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar wani sarki sunan sarkin ake sawa. Fada ta amsa da amin. Babu wanda ya sauya addini a ranar, amma an rabu da mutunci, an kuma bar masa hanya a buɗe. Wajen tsakiyar shekarun 1880, da barasar Turawa ta fara lalata ƙasar Nufe, Etsu Maliki bai ga wanda zai kai wa kuka ba sai Crowther. Ya aika da takarda ta hannun wani limamin mishan, yana kiran bishop ɗin uba, yana roƙon ya isar wa Sarauniya a hana shigo da ita.

To, daga ina matsala ta ɓullo? Gaskiya ita ce akwai ɓaraka a cikin mishan ɗin, kuma masu son Crowther ba su kyauta masa idan suka ɓoye ta. Ma'aikatansa akasari mutanen Saliyo ne, masu sana'ar hannu da ƙaramin ilimi, albashinsu bai taka kara ya karya ba, an jefa su garuruwan da ba su da kowa, shugabansu kuma ba ya ganinsu sai shekara-shekara. Waɗansu suka shiga fatauci ta hannun matansu, waɗansu shaye-shaye, waɗansu neman mata. Mafi muni, a 1877 a Anaca, waɗansu ma'aikata biyu suka yi wa wata yarinya baiwa dukan da ya kashe ta, maganar da ta kai kotu a Saliyo, ta kai har majalisar dattawan Ingila. Halin Crowther kuwa idan aka kawo masa ƙarar ma'aikaci shi ne ya nemi shaida, ya kira mutum gefe ya yi masa faɗa, ya sauya masa wurin aiki, ya jira ya ga ko zai tuba. A ganina ya yi sanyi a wurare da dama da ya kamata ya yi zafi. Amma mutumin da aka taɓa mayarwa kamar kayan da ba su yi ba, ba zai yi saurin jefar da ɗan'adam ba.

Venn ya rasu a 1873, waɗanda suka gaje shi kuma ba su da irin amanar da ya ba 'yan Afirka. Zamani ma ya juya. Kwinin ya sa Bature ya daina tsoron kogi, kamfanin Goldie ya haɗiye cinikin Kwara daga 1879 yana korar 'yan kasuwa baƙaƙe, a Turai kuma ana ta yayata cewa baƙar fata bai iya shugabanci ba. Jirgin da aka saya wa mishan, wanda aka sa wa sunan Venn, sai aka danƙa shi da asusun kuɗi a hannun wani Bature da ba limami ba. A 1880 aka aiko wani ya yi bincike ya rubuta rahoto cike da zarge-zarge, aka aika Landan, waɗanda ake zargi ba su gani ba. Mu da muke aikin gwamnati mun san ko masinja ba a kora sai an ba shi takardar tuhuma ya kare kansa. A cikin wannan shekara ce kuma matarsa Susan ta rasu.

Sa'an nan samarin suka iso. J. A. Robinson ya zama sakataren mishan a 1887, a 1890 kuma Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, ya sauka Lakwaja da ƙungiyarsa da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Sun fito ne daga wani motsi na farfaɗo da addini a Ingila wanda yake wa'azin cikakken tsarki, wato Kirista ya rabu da zunubi ɗungum, a kuma ga alamar haka a fili. Suka sa riguna da rawani irin na Hausawa, suka ce ba sa son kariyar gwamnatinsu. Kada a ɗauka munafukai ne, domin sun bar daula a gida sun zo inda suka san ana mutuwa. Sai dai sun zo da ma'auni ɗaya tak, wanda aka ƙera a Ingila, kuma duk abin da suka ɗora a kai sai ya kasa. Suka soke sunayen jama'a daga rajistar masu cin jibin Ubangiji a Lakwaja, suka riƙa tuhumar limaman da suka girme wa iyayensu.

A watan Agusta 1890 aka yi taron kwamitin kuɗi a Anaca, bishop yana kujerar shugaba. A gabansa Turawan suka riƙa dakatar da ma'aikatan da shi ya naɗa, ba tare da sun nemi yardarsa ba, alhali a dokar cocin bishop ne kaɗai yake da ikon dakatar da limami. Da Dandeson, wanda yake babban limamin yankin bakin teku, ya yi magana, sai sakataren taron, F. N. Eden, ya dakatar da shi nan take. Aka gaya wa tsohon a fuskarsa cewa sakacinsa ne ya jawo duk wannan. Bai ɗaga murya ba. Ya sauka daga kwamitin, ya rubuta wa Landan bayani dalla-dalla, har ya nuna cewa idan ana ganin wani zai fi shi iya riƙon wurin, a shirye yake ya tafi wani sabon fili ya fara daga farko. Mutum mai shekara 80 da ɗoriya ke nan yake neman a tura shi daji.

Ikko da Saliyo suka ɗauki zafi. Mutane da yawa suka so ya ɓalle ya kafa cocinsa, kuma da ya yi, da dubbai sun bi shi. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne majami'un bakin teku su riƙe kansu da kuɗinsu, amma a cikin ɗarikar. Ga mai neman inda tsarkin mutumin yake, ni a nan na gan shi, fiye da ranar Kantabari. Su samarin sun auna tsarki da yawan waɗanda aka kora daga coci. Shi kuwa ya yi shekara 66 yana tashi da asuba ya yi addu'a, yana zaune cikin talauci alhali 'yan kasuwa sun kewaye shi, kuma a cikin duk rahotannin da aka rubuta don a kayar da shi ba a sami inda aka ce ya ci kuɗin mishan ko ya yi abin kunya ba. Laifin da aka iya ɗora masa shi ne yawan haƙuri da masu laifi.

CMS ta soke dakatarwar da aka yi wa Dandeson daga baya, amma aikin gama ya gama. A tsakiyar 1891 shanyewar jiki ta kama bishop, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi da wata shida, ya mutu a Lakwaja, Brooke kuma ya bi su a watan Maris 1892, shi ma a Lakwaja, ba tare da ɗayansu ya taka Kano ko Sakkwato ba. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta turo ɗan'uwansa Charles ya iso Kano a 1894, ya koma ya rubuta ƙamus ɗin Hausa da Turanci.

A watan Afrilu 1892 majami'un bakin teku suka fara cin gashin kansu ƙarƙashin Dandeson. Kujerar bishop kuwa Bature aka ba, aka riƙa naɗa 'yan ƙasa mataimaka kawai, kuma ba a sake ba ɗan Nijeriya cikakken riƙon yanki a ɗarikar ba sai 1952, shekara 60 ke nan. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe shi, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a cocin da aka naɗa shi ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa. Cocin Ingila tana tunawa da shi kowace ranar 31 ga Disamba, akwai kuma jami'a mai sunansa a garin Oyo.

An binne shi a maƙabartar Ajele da ke tsibirin Ikko. A 1971 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar za ta tashi maƙabartar ta gina ofisoshi a wurin. Bishop na Ikko da zuriyar Crowther suka yi ta jan maganar har 1976, sa'an nan aka tono ƙasusuwansa aka mai da su sabon makwanci, aka kuma kafa masa dutsen tunawa a harabar babban cocin Angilika da ke bakin Marina.